Dattijon da Ke Jin Sigina da Yatsa

Siginar motar da na shiga zuwa Argungu ta daina ƙiftawa, shi ya sa muke tsaye a Gesse wurin wani dattijo mai gyaran wayoyin wutar mota. Siriri ne, hularsa ta koɗe, kuma bakin direba yake kallo, ba idonsa ba.

Masu wannan aiki da kunne suke gano fulasha, ɗan akwatin da ke ƙas-ƙas idan an sa sigina. Dattijon ya durƙusa, ya kara kunne ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe. Sai ya saci kallonmu, ya zura hannu yana lalube, har yatsansa ya tsaya kan wadda ke ɗan rawa. Ina zaton kunnen ya tafi, kuma yana tsoron masu mota su gane su daina zuwa.

Ya zare ta, ya sa sabuwa. Ƙas-ƙas ya cika motar.

"Madalla, Baba! Ka ji ta ko?" in ji direba daga bayansa. Ya sake faɗa da ƙarfi.

Dattijon bai juyo ba. Yatsansa na kan fulashar, yana gyaɗa kai daidai da bugunta.