Daƙiƙa Huɗu Ba Murya

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai wannan, zo ka ɗauki tuwonka." Iyakarta ke nan. In tana zancena da mutane sai ta ce "babban nan." Kunyar ɗan fari ce, kowa a garinmu Maruta ya san da ita, amma sanin bai hana ni jin haushi ba. Ƙannena har sunan lallashi ake yi musu, ni kuwa kamar baƙon da aka manta a tambayi sunansa.

Da na girma na koma Birnin Kudu na koyi ɗaukar bidiyon biki da tace shi a kwamfuta. Maigidan da ya koya mini ƙa'idarsa guda ce: kowane irin fim da sautinsa. Na faɗa da ganga mai tayar da hankali, na ban tausayi da sarewa, na biki kuwa waƙa ce tun daga farko har ƙarshe. "Da ka zuba hoto, fara kashe hayaniyar," in ji shi. "Ba wanda ya kira ka don ya ji kukan janareto da gulmar mata." Na haddace wannan kamar karatun allo.

Bikin autarmu ni na ɗauka, ina ta hura hanci. Da hantsi na kafa kyamara a tsakar gida tana kallon wajen girki, na bar ta tana aiki, na fita ɗaurin aure. Da na koma shago ko saurare ban yi ba, na kashe sautin gaba ɗaya. A cikin duk hoton girkin nan daƙiƙa huɗu kacal na zaɓa: Inna riƙe da muciya, ta juyo, ta yi magana, sannan ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Hasken wurin ne ya burge ni. Na ɗora waƙar amarya a kai, na goge memorin kyamarar, don washegari ina da wani biki a Basirka.

Bayan damina biyu Inna ta rasu. Ranar sadakar uku ƙanwarta ta zaunar da ni tana ba ni haƙuri.

"Kai ka gode wa Allah, ɗan nan, kana da muryarta a na'ura. Har da ranar da ta yi suɓul da baka."

"Wace rana, Inna Ƙarama?"

"Au, ba ka ji ba? Ranar bikin nan wata baƙuwa daga Farin Dutse ta ce, wa ya ajiye wannan abu mai ƙafa uku? Sai Yaya ta faɗi sunanka ɓaro-ɓaro, ta ƙara da cewa, ɗana ne, shi ya iya. Muka sa mata shewa. Ba ka ga ta rufe baki ba?"

Ban tsaya sallama da kowa ba, na hau babur sai Birnin Kudu. Na birkice kwamfutar nan kaf. Na kai memorin wajen masu gyaran waya, suka ce Malam, biki nawa ya hau kansa tun daga lokacin? Ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba. Shekara talatin ina jiran kalma ɗaya, ta zo har cikin shagona, na kashe ta da yatsa ɗaya na sa waƙa a gurbinta.

Daga baya na roƙi Inna Ƙarama ta maimaita mini maganar a waya, don muryarsu kusan ɗaya ce. Na ɗora a kan bidiyon, ta hau leɓɓan Inna daidai, wanda bai sani ba zai iya rantsuwa. Sau ɗaya na saurara na goge, domin na san wanda ya yi ɗinkin.

Yanzu ba na kashe hayaniyar kowa sai na saurare ta duka, kuma nakan bar wata a ƙarƙashin waƙar. Angwaye suna ta ƙorafi, su sha zamansu. Guntun bidiyon nan yana cikin wayata. In na kunna nakan rage waƙar har ƙasa, in zuba wa bakinta ido. Idan leɓɓanta suka motsa sai in ce, "Na'am, Inna." Ita kuma sai ta rufe baki da mayafi.