Baƙin Ambar na Gidanmu

Kakanmu kwal ya haƙa a Inugu, shi da ƙannensa. A ƙarƙashin ƙasa suka ƙarar da ƙuruciyarsu, suka dawo Kano da tari, da abin da ya sayi gidanmu na Gwammaja, da wani dunƙulen kwal kamar kan jariri. A alkukin soro ya ajiye shi. In baƙo ya tambaya sai ya ce, "Ubangidana ne, shi ya ciyar da ni."

Mahaifinmu da 'yan'uwansa gawayi suka sayar a Ƙofar Wambai. A zamaninsu ne kaka ya samu ƙarin girma yana kabari: ya zama shugaban leburori wanda bai taɓa riƙe diga ba. Mu kuma da muka koma sayar da yadi, muka sauke farali, sai muka ga ko shugaban leburori bai dace da babbar riga ba. Ni na fito da shi daga ramin gaba ɗaya, na ɗora shi a kan raƙumi, na mai da shi Balaraben Turabulus. Duk yawanmu babu fari ko ɗaya, amma na ce ranar Sahara ce ta ƙona zuriyar. Dunƙulen nan kuwa na naɗe shi da farin ƙyalle, na sa a kabet, na ce baƙin ambar ne, turaren da sai sarakuna. 'Ya'ya da jikoki suka haddace, har suna ƙara raƙuma.

Ana nan wani yaro ɗan unguwar Zaitawa ya fito neman jikata. Gidansu masu tone asali ne, an ce sun sha fasa aure a kan sana'ar kaka. Yarinyar kuwa tana sonsa, ta rame tun kafin a zo tambaya.

Ranar da manyansa suka zo, muka zauna a soro. Jagoransu kawun yaron ne, dattijo mai ƙaton rawani, aka gabatar mana da shi a matsayin tsohon manaja a jirgin ƙasa. Ina tsakiyar ratsa Sahara da ayarin kaka, sai ga kaskon turaren wuta daga cikin gida. Ashe surukata, uwar yarinyar, baiwar Allah da ta gaskata ni tun ranar da aka kawo ta, ta ga babu ranar da ta fi wannan cancantar ambar. Ta ɓantari gefensa, ta daka a turmi, ta barbaɗa a kan garwashi.

Hayaƙi ya turnuƙe soron, wari kamar an ƙona taya da ruɓaɓɓen ƙwai. Kowa ya kama tari, ƙanena yana hawaye yana cewa, "Haka na asalin yake, sai an saba."

Dattijon nan shi kaɗai bai yi tari ba. Ya lumshe ido, ya shaƙa sosai.

"Alhaji," ya ce da ni, "Turabulus ɗin taku, ta wajen Inugu take?"

Na tuna yarinyar tana bayan ƙofa.

"Wannan kwal ne, mai kyau ma," in ji shi. "Na sha zuba shi a tukunyar jirgi da shebur, har gashin girata ya ƙone."

Wani ɗan ƙanensa ya taɓa shi. "Baba, ai kai manaja ne."

"Kai rufe mana baki! Manajan shebur ba."

Na ce, "Malam, kakana ne ya haƙo shi da hannunsa." Rabon da in faɗi haka tun ina saurayi.

Ya dube ni, ya dubi kaskon. "To, naku ya haƙo, ni na ƙona. A kawo goro."

Aka sa rana. Surukata ta yi mako ba ta gaishe ni ba, ban kuma ga laifinta ba. Abin da ya rage na dunƙulen na kwance masa ƙyallen, na mayar da shi alkukin soro. Jikokin dai har yau ba su yarda sun saki raƙuman ba.