Yaron Cikin Daro

Da kakar shekarar da ta gabaci samun 'yancin kai, wata Laraba muna dawowa daga makaranta, muka tarar an kafa allon kwano na tallan sabulu a jikin kantin Baban Ifi da ke Ƙofar Ran. Baban Ifi ɗan kudu ne, a wurinsa muke sayen kananzir da ashana da sabulu. A jikin allon an zana wani baƙin yaro zaune cikin daro, wata Baturiya tana cuɗa shi. Daga wuya zuwa ƙasa ya koma fari fat, kansa kaɗai ya rage baƙi ƙirin, shi kuwa sai washe haƙora yake. Muka yi cincirindo muna ta dariya, ban da ƙanwata Asabe. Duk gidanmu ita ta ɗauko baƙin Baba, kuma kafin mu kai ƙofar gida yaran unguwa sun fara bin ta da "Asabe, saura ke!"

Tun daga ranar yarinyar nan ta rasa sukuni. Ta daina carafke, ta daina 'yar gala-gala, in an aike mu ɗibar ruwa sai ta zagaya ta bayan masallaci don kada ta gifta kantin. Da muka je ƙauyen Miri taya Kawu roron gyaɗa, maƙalewa ta yi a gindin rumbu, wai ba ta son rana. Ana nan, ran nan ta daɗe a banɗaki, Inna ta leƙa, ta same ta da guntun sabulun nan da dutsen goge kaushi. Ta dirje hannunta na hagu har jini na ɗiga, tana cewa, "Inna, bari, ya kusa fita."

Inna tana cikin kulle, allon ma ko ganinsa ba ta taɓa yi ba, amma maganarta ta bi ta kan katanga ta karaɗe unguwa. A zamanin sabulu shi ne kayan barka, kuma ba a mayar da kayan barka ko da na maƙiyiya ne. To, da maƙwabciyarmu ta haihu, Maman Ifi ta zo da sandar sabulunta tana fara'a, aka karɓa aka yi godiya. Tana fita aka ɗora mini shi a faifai, na bi ta da shi har kanti. Haka aka riƙa yi a duk gidan haihuwa, har matan Sayawa na wajen coci suka shiga, kowa ya koma sabulun salo.

Maman Ifi ta kasa haƙuri ta shigo gidanmu. "Mama, me ni ya yi? Ni ma baƙi ne! Kamfani ya kawo, ya ce in mun cire ba zai ba mu kaya ba." Inna ta jawo Asabe ta kwance tsumman da ke hannunta. Matar ta dafe kai da hannu biyu. Washegari babu allo, sai ramukan ƙusa.

Unguwa ta ɗauki guɗa, wai mun yi maganin Turawa. Abin da ke cin raina har yau, cikin duk masu hayaniyar nan ba wanda ya zaunar da Asabe ya gaya mata ba ta da abin wankewa. Yanzu in kamfani ya yi irin wannan, a waya ake taso shi a gaba, kafin la'asar ya ba da haƙuri, kowa ya kama gabansa. Nakan yi kewar matan nan da ba su fita ƙofar gida ba amma suka sauke allo. Sai dai Asabe ta girma, ta aurar da 'ya'ya, ta tsufa, in ta hango mai hoto a biki sai ta shige ɗaki. Da ta rasu, jikokinta suka zo wurina neman hotonta, ba ni da ko ɗaya. Da baki na faɗa musu: baƙa ce, kyakkyawa.