Yatsunka na motsi lokacin da suka ɗaga ka

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran ɗana Sadiƙ a asibiti, kwana goma sha tara bayan ya faɗo daga saman motar albasa a Aliero.

Sadiƙ, kai ka koya mini baƙi ina da shekara arba'in da biyu. Kakan dawo Jega daga lodi, rigarka na warin albasa, ka zauna bakin murhu kana rubuta mini harafi da gawayi. Mata na dariya, kai ba ka taɓa yi ba. Yau ga abin da nake rubutawa da shi.

Abokan aikinka sun ce da ka faɗo, yatsun ƙafarka na motsi. Kawunka Usmanu ya kira ni a waya, na ce su kawo ka maza. Ni na faɗi haka. Suka kama ka hannu da ƙafa, suka zaunar da kai bisa kabu-kabu, mutum gaba mutum baya, kamar yadda muke kai kowane maras lafiya. Ko da kuka iso ka ce, "Inna, duba mini, ƙafafuna suna nan?"

Likita ya zana mini a takarda. Ya ce ƙashin baya gaɓa-gaɓa ne, tsakiyarsa da kafa tun daga ƙeya har ƙugu. Cikin kafar laka take kwance, an naɗe ta da tantani da ɗan ruwa, daga ita jijiyoyi ke fita zuwa hannu da ƙafa. Faɗuwar ta tsaga ƙashi ne kawai. Zaman babur da ramukan hanya su suka sa tsagin ya danne lakar. Na san laka. Duk layya nakan zare ta daga bayan rago, fara, mai taushi. Ban san da ita ɗana ke tafiya ba.

Masu gaisuwa na cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda. Amma ƙyaure na nan jingine a rumfar lodi, da an kwantar da kai bisansa. Cikinmu babu wanda ya sani, kuma yau babu mai son a faɗa. Kawunka ya ce in bar tonawa.

Yayanka ya koma hawan motar nan, ba na samun natsuwa sai ya shigo gida. Jiya na rubuta da manyan baƙaƙe: wanda ya faɗi da baya, kada a zaunar da shi. Na ba shi ya liƙa a rumfar lodi.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa jinyarka ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Ina yi wa matarka Bushira ta'aziyya, da danginta na Maiyama. Allah Ya ba mu haƙuri. Ka roƙe ni gafara a gadon asibiti, na yafe. Ni ce ban iya buɗe baki na roƙi taka ba.