Irin dawar da aka aike ni da shi

A gida har yau cewa suke wani baƙo ne ya hure mini kunne a lokandar Gadarif, wato masaukin baƙi. Ƙarya ne, iri kawai mutumin ya tauna.

Mudir ɗinmu, shugaban wurin aikinmu, ya aike ni da buhunan irin dawa in kai wa manoman Gadambaliya kafin ruwa ya sauka. Ina shan shayi a tsakar lokandar, wani tsohon direban tarakta ya zura hannu a wani yagaggen buhu, ya watsa ƙwayoyi a baki.

Na ce, "Baba, kayan mutane ne fa!"

Ya tofar. "'Yata, wannan ko jaki sai ya yi shawara. Ya sha danshi, ya mutu tun bara."

Kamar in zage shi. Na dai jiƙa tsumma na naɗe wasu ƙwayoyin a ciki don in gwada. Bayan kwana huɗu 'yan ƙalilan ne suka tsiro.

Na buga wa mudir waya na gaya masa, ya ce, "Ke kai kaya aka aike ki ko noma?"

Ashe ya sani! Daminar mutane guda zai kashe da hannuna.

Na bar buhunan a lokanda. Na ce tsumman nan zan kai wa manoman su gani, aikin kuma mudir ya riƙe abinsa.