Na Sama Ya Sauko daga Ƙarfen Sabis

Kowace safiya, kafin ya sa ƙafa waje, mijin yayata yakan baje kayan aikinsa a tsakar gida: ɗamarar da yake ɗaurawa a ƙugu da cinyoyi, ƙugiyoyi biyu, igiya, hular kwano, safar hannu. Sai ya tsuguna ya bi ɗinkin ɗamarar da babban yatsa, ya buɗe kowace ƙugiya ya sake ta, ya kasa kunne ya ji yadda ta rufe. In ƙarar ba ta yi masa ba, ya ɗiga mata mai ya sake gwadawa. Yaya tana tsaye da kofin shayinsa har ya gama. Ba ta taɓa tambayarsa ƙarfen wace unguwa zai hau ba. Ta ce min in ta sani, can idonta zai wuni.

Aikinsa hawa ƙarfen sabis ne, dogayen turakun nan da wayoyinmu ba sa magana sai da su. Ya fi shekara ashirin a kai. Tun da daɗewa mutane suka laƙaba masa Na Sama, har yaran gidansa in aka tambaye su sai su ce, "Mu 'ya'yan Na Sama ne." Watan jiya ya ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Kamfanin ya aiko masa da saƙon godiya ta waya. Na ga abin ya yi kaɗan, shi ya sa na ɗauki biro.

Ni mai aski ne. Daga ƙofar shagona ana hango ƙarfen unguwarmu, ja da fari, da janareta da tankin mansa a gindi, an kewaye su da shingen waya. Duk wanda ya san shagon aski ya san ba gashi kaɗai ake zubarwa a ciki ba. A kan bencina ake yanke wa duniya hukunci. Yau a ce na'ura ta fara rubuta wasiƙa da kanta, gobe a ce an kusa fara noma a duniyar wata. Direba, wanda ke jigila da ƙaramar bas, ya ce nan gaba motoci za su riƙa tuƙa kansu, sai mu ga wanda fasinja za su zaga. Akwai kuma wani tela da muke kira Sarkin Labari, wanda duk abin da ya shigo wayarsa, a wurinsa ya tabbata.

In Na Sama ya zo aski, sai su yi masa ca. Shi ne ai ke taɓa abin da hannunsa.

"Wai gaskiya ne ƙarfen nan yana jin duk abin da muke faɗa a ɗaki?"

"Ni dai iska kawai nake ji a can," in ji shi. "Abin da ke cikin akwatunan, masu karatu suka sani. Ni kusa na sani in ta kwance." Sai ya harare ni ta madubi. "Kai kuma ƙanin mata, rage surutu ka duba hannunka. In ka yanke min kunne, sai ka biya yayarka."

Muna dariya a wuce. A lokacin duk hira ce.

Abin ya daina zama hira a damunar da aka ƙara wasu fararen akwatuna a saman ƙarfen. Ba a jima ba wani saƙon murya ya fara yawo. Mutum ne mai taushin harshe, ya ce shi likita ne, bai faɗi sunansa ba, bai faɗi asibitinsa ba. Ya ce sababbin akwatunan nan suna shan jinin yara a hankali, kuma an hana likitoci faɗa. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya, kuma wannan ne ya sa aka yarda da shi. Sarkin Labari ya kunna mana shi a shago. Mata suka daina aiken yara ta layin da ƙarfen yake. Wata ta ce kajinta sun daina ƙwai. Ni kaina in na tashi rufe shago sai na ga ina satar kallon jar fitilar da ke saman ƙarfen.

Ana cikin haka 'yar Mai Walda ta kwanta. Gidansa katanga ɗaya ce ta raba shi da shingen ƙarfen. Yarinya ce ƙarama mai yawan surutu, takan tsaya ƙofar shagona ta yi wa madubi gwalo. Ta rame, tafin hannunta ya yi fari fat, aka kwantar da ita a asibiti, aka ce jininta ya yi ƙasa sosai. Kalmar jini kawai mutane suka ji. Mai Walda mutum ne mai haƙuri, amma ita kaɗai ce ta rayu a cikin 'ya'yansa.

Ranar da abin ya faru, an yi ruwa da iska da sassafe, sabis ya ɗauke a unguwa gaba ɗaya. Da hantsi Na Sama ya zo ya hau. Abokin aikinsa ya koma da babur ɗauko wani abin da suka manta, sai maigadi kaɗai a ƙasa. Mai Walda ya dawo daga asibiti don ya ɗauki kayan sawa, ya tarar da samari a ƙofar gidansa suna nuna sama. Wani ya ce ga shi can yana ƙara wa abin ƙarfi. Wani ya ce shi ya sa suka kashe sabis, don kada a kira kowa.

Ina tsakiyar aski na ji hayaniya. Na fito da almakashi a hannu, na bar mutum da rabin kai. Kafin in isa sun ɓalle kwaɗon shingen, maigadi ya tsallake shinge ya yi ta kansa. Na ga jarka tana bin hannu. Na ji warin fetur tun kafin in ga inda aka zuba. Sun kwarara shi a gindin ƙarfen da jikin janareta, yana gangarawa wajen tankin. Mai Walda yana tsaye a gaba, idonsa ja, akwatin ashana a hannunsa.

Na yi ta cewa akwai mutum a sama, surukina ne, kun san shi. Muryata ba ta kai ko'ina ba. Wani saurayi ya haɗa hannu a baki ya yi kira, "Ka sauko, ko mu haɗa da kai!"

Sai na ji an kama min riga ta baya. Yaya ce, ko takalmi babu a ƙafarta. Na zaci za ta kwarma ihu. Ta sa haƙori ta ciji bayan hannunta, ta ce min ƙasa-ƙasa, "Kada ka kira shi. In ya ji muryarmu ya razana, zamewa zai yi."

Daga ƙasa bai fi girman hankaka ba. Mun ga ya sunkuyo ya dube mu, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya juya ya ci gaba da aikinsa. Wannan ya ƙara harzuƙa samarin, suka ce raini ne. Daga baya ne ya gaya min gaskiyar abin. Ya ce da ya hango jarkar, ƙafafunsa mutuwa suka yi. "In na fara sauka a lokacin, ba sai sun ƙone ni ba, ƙasa ce za ta karɓe ni. Sai na ba hannuna aiki, ko ƙafafun za su dawo. Waya ɗaya ta rage ban ɗaure ba, na ɗaure ta."

Sannan ya fara saukowa. Bai yi sauri ba. Ya maƙala wannan ƙugiya, ya cire waccan, ya taka, ya sake maƙalawa. Tun ana ihu har ihun ya ragu, aka koma jin ƙarar ƙugiyoyin a jikin ƙarfe, ƙas, ƙas, suna matsowa. Idona ɗaya na kansa, ɗaya na kan yatsun Mai Walda, waɗanda suka riga suka zaro tsinken ashana.

Ya kusa ƙasa sai sabis ya dawo. Wayoyin da suka wuni shiru suka farka lokaci guda a aljihun mutane, wannan na kuka, waccan na tsuwa. Har da ta Mai Walda. Bai ko dube ta ba.

Na Sama ya sauke ƙafarsa cikin fetur ɗin. Ya cire hular kwano, gumi na zuba daga furfurarsa, ya tsaya gaban Mai Walda.

"Baban yarinya, ya mai jiki?"

Mai Walda ya ce, "Ka rantse min ba abin nan ne ya shanye min jinin 'ya ba."

"Ba zan rantse a kan abin da ban karanta ba. Ni ba likita ba ne. Abin da na sani, shekara da shekaru ina rungumar ƙarfen nan da ƙirjina, ga ni, ga 'ya'yana. Abu na biyu da na sani, in ka ƙyasta ashanar nan, tankin can zai tashi, kuma ɗakin kwananka ne na farko." Wayar Mai Walda ta tsinke, ta sake ɗauka. "Ana nemanka. Ka ɗaga, ƙarfen ba zai gudu ba."

Matarsa ce daga asibiti. Mu da ke kusa mun ji ta. Ta ce tun ɗazu take kiransa ba ya shiga, jikin yarinyar ya rikice, likita ya ce a ƙara mata jini yanzu, kuma babu irin nata a ajiye. Mai Walda ya tsaya da waya a kunne kamar wanda aka dasa. Yaya ta matsa, ta zare ashanar daga hannunsa a hankali, kamar yadda ake karɓe wuƙa daga hannun jariri, ta koma baya.

Na Sama ya dubi samarin ya ce, "Ga ku da yawa, kuma da jininku a jika. Direba, ina motarka?"

Suka cika bas ɗin. Sauran muka yi ta ɗebo yashi muna rufe fetur. Sai da wurin ya watse Na Sama ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da shingen. Ya so ya kwance ɗamararsa, yatsun suka ƙi. Ni na kwance masa. Ya ce, "Ƙanin mata, kada ka gaya wa yayarka." Tana tsaye a kansa.

Jinin ɗaya daga cikin samarin ya dace. Yarinyar ta tashi. Likitoci suka ce zazzaɓi ne da ya daɗe a jikinta ba a gane ba. Ba zan ce muku kowa ya gamsu ba. Har yau Mai Walda ba ya barin ta ta yi wasa kusa da shingen, kuma bai taɓa buɗe baki ya ce a yi haƙuri ba, sai dai in sun haɗu shi ke fara gaisuwa. Kamfanin ya tambayi Na Sama sunayen waɗanda suka ɓalle kwaɗo, ya ce daga sama ba a gane fuska. Washegarin abin ya baje kayansa a tsakar gida, ya tafi wani ƙarfen.

Kai ne, Na Sama, sha rana sha iska, ka tsaya cikin fetur ka fara tambayar lafiyar 'yar mai riƙe da ashana. Kai ne aka nemi ka rantse don ka tsira, ka ƙi faɗin abin da ba ka sani ba. A bencina kowa ya san komai, daga cikin ƙwayar cuta har bayan taurari. Kai kaɗai na taɓa ji ka ce ban sani ba, kuma ba ka ji kunya ba.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne, wancan karon murya ce kawai, babu fuska, ta kusa cinye mutum da gidajen layi guda. Kwanakin baya Sarkin Labari ya nuna mana wani bidiyo, ya ce na'ura ce ta haɗa shi: fuskar mutum, bakinsa na motsi, yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Aka yi ta dariya ana mamaki. Ni ban yi ba. Na tuna yadda jarkar nan ta bi hannu, kuma duk hannayen na san su, kawunansu ni nake askewa. Idan gobe saƙon ya zo da fuskar wanda muka yarda da shi fa? Ina tsoron ranar, ina tsoron kada ta same mu babu mai irin sanyin zuciyarka a kusa.

Mun gode, Na Sama. Allah Ya ba gwiwar nan lafiya, Ya sa ka ga jikokinka a ƙasa, kana zaune. Ku kuma masu karatu, ba sai kun hau ƙarfe za ku yi koyi da shi ba. In saƙo ya shigo ya tayar muku da hankali, ku ajiye wayar tukuna, ku tambayi kanku wane ne zai ƙone in kuka tura shi gaba.

Jiya da la'asar na leƙa gidan Na Sama, hadari ya haɗo, iska ta fara kaɗa kwanon rufi. Yaya ta bar wanki ta miƙe da sauri ta nufi ƙofa, hannunta a ƙirji. Sai ta ji minsharinsa daga ɗaki. Ta tsaya, ta saki ajiyar zuciya, ta dawo ta zauna. Na ce, "To Yaya, kin huta." Ta dubi hadarin ta ce, "Ni na huta. Amma yanzu haka mijin wata yana can sama."