Tabarmar da Kika Shimfiɗa Mini

Ranar Alhamis, sha shida ga watan Muharram, shekara ta dubu ɗaya da ɗari uku da goma sha biyar, da hantsi, Allah ya yi wa yayata Hansai rasuwa a Balan ta ƙasar Gaya, a gidan surukinta Tukur. Ta bar 'ya ɗaya, Lauratu, da jikoki uku, da ni ƙanenta Da'u mai wannan rubutu. Ban ga fitar ranta ba, ban kuma ɗauki gawarta ba. Ina gonata a Toranke, ina shuka gero.

Yaya, da ke zan yi magana, don mutane sun gaji da jin wannan zance daga bakina. Kowa na gaya wa sai ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na sani ƙaddara ce. Amma ƙaddara ba ita ta riƙe sungumi ba, ni na riƙe shi.

Ina ɗan shekara shida mahara suka ɗauke ki a bakin rijiya. Abin da na iya tunawa kawai shi ne tulun da aka tsinta a fashe, da kukan Inna. Muka girma muna ambaton sunanki cikin matattu. Bayan shekara talatin da ɗaya sai ga wata mace ta sauko daga ayarin fatake, da budurwa a bayanta, tana tambayar gidan Maiwada mahaifinmu da wata irin Hausa wadda ta sha ruwan Kwara. Aka sayar da ke daga hannu zuwa hannu har Lokoja, can wasu masu bin Isa Almasihu suka fanshe ki, kika yi aure, kika karɓi addininsu. Da mijinki ya rasu, kika ɗauko 'yarki kika nufo gida da ƙafa. Ban gane fuskarki ba sai da kika yi dariya, na ga wushiryar Inna.

Ranar nan na nuna halina. Na kama rago na yanka, na sa mata daka, na tafi aron tabarmi, na dawo na tafi neman itace, na sake fita don a kira dangi na Gafasa. Tun azahar har rana ta yi ja ban zauna kusa da ke ba ko na shan ruwa. Sai kika kama bakin rigata ina wucewa, kika ce, "Da'u, Da'u, ba don naman rago na yi tafiyar wata biyu ba. Zauna in gan ka."

Na zauna ina zumbur-zumbur, hankalina na kan tukunya. Nan kika ba ni labarin da ya bi ni har yau. Kika ce wasu mata biyu ne 'yan'uwan juna, Marta da Maryamu, Almasihu ya sauka a gidansu. Marta tana ta kai-komo tsakanin turmi da murhu, ita kuwa Maryamu ta zauna gabansa tana sauraro. Da abin ya ishi Marta ta kai ƙara, a sa ƙanwarta ta tashi ta taya ta. Sai ya kira sunanta sau biyu, ya ce ta ɗora wa ranta damuwa iri-iri alhali abin da ake bukata guda ne, ƙanwarta ta riga ta zaɓe shi, kuma ba mai karɓe mata. Da kika gama na ce, "To, Yaya, in kowa ya zauna, wa zai tuƙa tuwon?" Kika yi dariya har da hawaye, kika ce, "Kun ji Marta!"

Sunan ya bi ni. Ƙato da ni, da gemu, da gandu, amma in na zo Balan sai in ji daga cikin gida, "Lauratu, kawo ruwa, ga Marta ta zo, kada ki daɗe don ba za ta zauna ba." Kuma gaskiyarki ne. Shekara tara kika yi a Balan bayan auren Lauratu, tafiyar da ba ta kai yini ba daga ƙofata, amma ban taɓa kwana biyu a jere wurinki ba. Kullum akwai abin da ke jirana: sassabe, ko noman fari, ko maimai, ko girbi, ko jinkar rumbu, ko cin kasuwar Gaya. Duk sa'ad da kika fara ba ni labarin Almasihu, zuciyata takan so, wallahi takan so, amma sai in ce, "Bari a gama kaka, in zo in zauna ki gaya mini duka." Kaka tara ta wuce a kan wannan magana.

Ba ki taɓa yi wa kowa gardamar addini ba. Tukur Musulmi ne kamar yadda ni ma na tashi, kuma shi da bakinsa ya ce mini bai taɓa jin kin taɓa sallarsa ba, ke ce ma kan tashe shi in asuba ta kusa wuce shi. Da farko mutanen Balan suna tsarguwa da ke, suna kiranki Hansai ta Lokoja a bayan ido. Sannu a hankali sai ya zama in mace tana naƙuda ke ake kira, in gyambo ya yi wari har 'ya'yan mai shi sun guje shi, ke kike wanke shi da ruwan ɗumi. Ran Lahadi kuwa ba kya taɓa turmi. Sai ki shimfiɗa tabarma gindin tsamiyar gidan, ki yi waƙoƙinki a hankali, ke da Lauratu, duk wanda ya zo ya zauna ki matsa masa wuri.

Shekarar basasa, da aka ce mayaƙa sun kusa, kowa ya ɗauki abin da ya fi so ya shiga daji. Na ga mace da ta ɗauki tasoshinta na jere ta manta akuyarta, na ga namiji ya sungumi sirdi ba shi da doki. Ke kuwa kika bar zannuwan da kika zo da su tun daga Lokoja, kika ɗora damin irin gero a ka, hannunki ɗaya riƙe da Hanne, makauniyar tsohuwar nan maƙwabciyarku da aka manta a ɗaki. Da aka dawo, rumbuna sun zama toka. Da irin nan naki gida bakwai suka yi shuka a Balan, ni ma da shi na shuka a Toranke. Da na zo godiya kika ce, "Manomin kirki yakan fara ware iri kafin ya auna na ci. Ranka ma haka yake, Da'u. Ka fara ware wa Allah nasa, da mutanen da ya ba ka, sauran abubuwa za su biyo baya, shi ya san kana bukatarsu."

Kaico! Na ji rabin maganar na bar rabi. Na riƙe iri, na riƙe shuka, na yi ta faɗa wa mutane cewa yayata ta ce na farko shi ne farko. Har na mai da maganarki sandar korar duk wanda ya zo zai ɗauke ni daga gona.

Bana ruwa ya yi jinkiri, kowa ya sani. Muka yi ta duban gabas har wuya ya ƙage. Ran Litinin da la'asar aka yi ruwan shuka, mai ƙarfi, wanda ya jiƙa ƙasa har tsawon hannu. Duk wanda ya taɓa riƙe sungumi ya san ba a wasa da wannan lema, in ta tsere maka ka yi ta cizon yatsa har baɗi. Ran Talata da sassafe ina gaba ina sara, iyalina na biye suna zuba iri suna takewa, sai na hangi mutum yana ratso gonar da sauri. Tukur ne, ƙafafunsa duk taɓo.

Ya ce, "Kawu, jikin Inna Hansai ya yi tsanani. Ta ce in zo da kai."

Na tsaya, sungumi a hannu. Na dubi gonar, ko kashi ɗaya cikin uku ba a yi ba. Na ce, "Tana magana?" Ya ce tana yi. Na ce, "Tana shan kunu?" Ya ce kaɗan-kaɗan. Sai na ce, "To, alhamdu lillahi. Ka ce mata kwana uku kawai, in rufe gonar nan. Ita da kanta ta koya mini a fara da iri. Sannu ba ta hana zuwa."

Tukur ya dube ni, ya juya ya tafi. Sai daga baya na tuna cewa shi ma manomi ne, shi ma ruwan nan ya sauka a gonarsa, ya bar ta ya taho kirana. Suruki ya gane abin da ɗan'uwa na ciki ɗaya bai gane ba. Tir da ni.

Na gama shuka ran Alhamis da yamma, raina fes. Ran Juma'a na yi sammako, har na tsaya a hanya na saya miki ɗanyen nono wurin Fulani don na san kina so. Tun daga bakin gari na ga yadda mutane ke kawar da kai. Da na shiga gidan na tarar da mata zaune jugum. Ƙwaryar nonon ban san inda na ajiye ta ba. Maƙwabta ne suka haƙa kabarinki a bayan gida tun jiya, mutanen da a dā suke tsarguwa da ke, kuma aka ce mini Hanne makauniya ta sa an ja ta har bakin ramin.

Lauratu ta kai ni ɗakinki. An kwashe shimfiɗarki, an share, amma gefen inda kike kwance akwai wata tabarma a shimfiɗe, sabuwa, ba wanda ya taka ta. Ta ce tun ran Talata da Tukur ya fita kika sa aka shimfiɗa ta, kika ce ta Da'u ce, kada kowa ya zauna. Da ya dawo shi kaɗai ya faɗi saƙona, sai kika yi murmushi kika ce, "Marta ke nan. Ku bar masa wurinsa." Masu dubiya suka yi ta zuwa suna zama a ƙasa, tabarma na nan. Ran Alhamis da hantsi kika juya fuskarki wajenta, kika kira sunana sau biyu. Daga nan ba ki ƙara magana ba.

Na tambayi Lauratu ko kin bar mini wani saƙo. Ta ce a'a, kin ce sai na zo. Ban san abin da kika so gaya mini ba, Yaya, kuma ba zan sani ba a duniyar nan. Wannan shi ne abin da ke cina. Na zauna a kan tabarmar a ɗakin da ba kowa, na yi zaman da kika roƙe ni shekara tara, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

Da geron ya ƙone, da na ce alhaki ne, in sami sauƙi. Ina! Geron nan ya fito yadda ban taɓa gani ba, kore shar, ba gurbi ko ɗaya da ya faɗi. Masu wucewa suna tsayawa suna ce mini barka, na dace da lema. Ni kuwa ba na iya ɗaga ido in dube shi. In na sunkuya da fartanya, iska ta kaɗa ganyen, sai in ji "Da'u, Da'u," a hankali, ba faɗa a ciki, yadda kika saba. In miƙe in duba gabas da yamma, ba kowa. Matata ta ce in nemi rubutu in sha. Na ce mata ba aljani ba ne, na san muryar. Ban kuma san yadda zan kai tuwon geron nan bakina ba in kaka ta yi.

Ku da za ku ji wannan takarda, ba wa'azi nake muku ba, ban isa ba. Noma ba laifi ba ne, Yaya ba ta taɓa cewa a bar gona ba, ita ce ma ta ceci irinmu. Amma gona takan jira ruwa na biyu, in ta ƙi a yi dashe, in shekara ta ɓaci akwai baɗi. Ni na tsaya auna wanne ya fi gaggawa, ban tambayi wanne ne ba ya dawowa ba. In akwai wanda ya shimfiɗa muku tabarma, ko mutum ko Mahaliccinku, ku je ku zauna tun ana kiran sunanku.

Allah ya ji ƙanki, Hansai 'yar Maiwada. Allah ya sa kin huta daga doguwar tafiya. Almasihun da kika riƙe tun daga bakin Kwara har gindin tsamiyar Balan, ya riƙe ki, ya ba ki wurin zama a gabansa, inda ba mai tashinki. Ya gafarta miki kurakuranki, ni ma ya gafarta mini nawa, in kuma ana jin roƙon mai rai a inda kike, ki yafe wa Martarki. Lauratu 'yata, Allah ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ta bari. Tukur, Allah ya saka maka da alheri, ka yi abin da ya kamata in yi. Ina yi wa jikokinta ta'aziyya, da Hanne, da dukan mutanen Balan da suka rufa mata asiri a ranar da ɗan'uwanta ba ya nan.

Yau kwana arba'in da huɗu. Lauratu ta ce duk abin da kika sani na labarin Almasihu kin zuba mata, kuma ba ta naɗe tabarmar ba. Gobe Lahadi. Maimai bai ƙare ba, ciyawa ta taso a gefen gabas, ga hadari yana haɗuwa. Na rataye fartanya, Yaya. Ina zuwa.